Ruwan da Muka Yi wa Kwalliya

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, na san akwai rana ɗaya da ba zai iya ɗauka ba. Ita ce ranar da aka tafa wa unguwarmu a bainar jama'a, muka baje riguna muna murmushi, sannan muka koma gida hannu rabbana saboda wannan tafin. Shekaru sun shuɗe, amma har yau idan na tuna sai in rasa wanda zan fara yi wa tsaki, ni ko yayana ko Dakta.

Unguwarmu tana wajen Ƙofar Jatau a cikin birnin Zariya, kuma akwai wani rafi da yake bi ta bayanmu. Da damina a kira shi rafi ba a yi ƙarya ba. Da rani kuwa, kwata ce babba, domin duk ruwan wanki da na banɗaki da na mahauta na unguwannin da ke sama da mu nan yake gangarowa. Rijiyoyin gidajenmu kan ƙafe tun kafin bazara, sai mu koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Ba mai tambayarsu inda suka ɗebo, don kowa ya san amsar kuma ba mai son jin ta. 'Yata ta fari sau biyu tana kwanciya asibiti da zazzaɓin taifod a shekara guda. Saboda haka da labari ya zo cewa wata ƙungiyar tallafi za ta haƙa rijiyoyin burtsatse uku masu aiki da hasken rana, a unguwannin bakin rafin da ruwansu ya fi lalacewa, ni har na fara zaɓa mana wurin da za a kafa tanki.

Ƙungiyar ta ce ba za ta raba da son kai ba, sai an auna. Aka ɗauko wani masanin ruwa daga jami'a, wanda kowa ke kira Dakta. Ɗan birni ne, amma ya daɗe da barinmu, Hausar ma yana yin ta kamar wanda ya aro. Sau ɗaya tak ya zo. Ya tsayar da mota a kan gada, ya leƙa ƙasa, ya dubi takalminsa mai sheƙi, ya fasa sauka. A nan kan gadar ya yi mana bayani. Ya ce zai gina rafin nan a cikin kwamfuta da lissafi. An raba shi wuri takwas, kowane mako a ɗebo ruwa daga kowane wuri a gwada, shi kuma ya zuba sakamakon a lissafinsa. Lissafin zai nuna inda ƙazanta ke shiga, da nisan da take tafiya, da inda take raguwa, har ya faɗi yadda ruwan zai kasance a watan da ba a auna ba. Ba zan ɓoye ba, abin ya burge ni. Ni malamin firamare ne, lissafi nake koyarwa, ban taɓa sanin ana iya kama rafi da shi ba.

Da yake ni ne ɗan bokon layinmu, aka danƙa mini wuri na bakwai. Aka ba ni kwalabe masu ɗauke da sunan unguwa. Aikina shi ne kowace Asabar da safe in ɗebo ruwa, direban Dakta ya zo ya karɓa kafin azahar.

Asabar ta farko na gangara daidai inda 'yan garuwa ke cika jarkokinsu, na toshe hanci, na cika kwalba. Ruwan ya fito baƙi-baƙi kamar na marinar da aka gama rini, ga wasu abubuwa suna yawo a ciki waɗanda ban so na san sunansu ba. Na dawo zan wuce ta zaure, sai na tarar da Yaya, babban wanmu, wanda tun rasuwar mahaifinmu maganarsa ce doka a gidan da ma rabin layin. Yana zaune da babbar riga a cinya yana mata aikin allura, sana'arsa ke nan.

"Wannan fa?" ya tambaye ni.

"Ruwan rafi ne, Yaya. Na Dakta."

Ya ajiye allura, ya karɓi kwalbar, ya ɗaga ta sama. "Wannan za ka miƙa wa mutum? Da sunan unguwa a jiki?"

"Ai shi ya ce a kawo yadda yake."

"Ya faɗa ne don kara. In baƙo ya ce maka kome aka samu a kawo, sai ka kawo masa ƙanzo? A kai wannan jami'a, a ɗaga a gaban manyan mutane, a ce ga abin da gidan marigayi Malam ke sha? Muna da 'ya'ya mata, aure za su yi. Kai dai bokon nan bai ƙara maka komai ba."

Mu mutanen birni muna da wata cuta da ba a sayar da maganinta a kemis. Mutum zai kwana da yunwa, amma da safe sai rigarsa ta sha guga kafin ya fito. Rufin asiri muke kiran abin, kuma yana da kyau a inda ya dace. Yaya ya kai shi inda ko mahaukaci ba zai kai ba. Ya sa aka shiga da kwalbar cikin gida, matata ta tace ruwan da farin ƙyalle, ta jefa masa ɗan alif, farin dutsen nan da mata ke sawa a randa don laka ta kwanta. Aka bar shi ya natsu, aka tsiyaye na sama aka mayar a kwalba. Ya fito garau. Yaya ya sake ɗagawa ya ce, "Yauwa, yanzu ka zo da magana."

Ni kuma, mai koya wa yara cewa wanda ya kwafi lamba ba daidai ba daga allo ya yi aikin banza komai kyan rubutunsa, ina tsaye ina kallo. Da ma a ce tsoron Yaya ne kawai ya rufe mini baki, da na sami abin fakewa. Gaskiya ita ce ni ma na ji daɗi. Na ji kunyar miƙa wa mai takalmi mai sheƙi wancan baƙin ruwan.

Asabar goma sha biyu muka yi muna wannan kwalliya. Matata har ta ƙware. Ranar da ruwan ya ƙi washewa yadda Yaya ke so, sai ya ce a cike kwalbar da ruwan leda. Direban ya taɓa ce mini, "Malam, naku kullum ya fi na kowa kyau." Na ce masa ikon Allah ne, ko ido ban ƙifta ba.

Ana tsakiyar aikin Dakta ya kira ni a waya. Na ce a raina asiri ya tonu, wani ɓangare na zuciyata ma yana fatan hakan.

"Malam, wurinku yana ba ni mamaki," in ji shi. "Rafin ya yi kwana a nan?"

Na ce ya yi.

"Akwai ciyayi a bakinsa?"

Na ce akwai.

"Shi ke nan, na gane. Na gode." Ya kashe waya.

Daga ofishinsa zuwa bakin rafin nan bai kai tafiyar rabin awa a mota ba. Mutum ya ga ruwan kwata ya rikiɗe ya zama na sha a tsakanin taku ɗari uku, bai ce bari in je in gani ba. Tambaya biyu ya yi a waya, ya koma kan kujerarsa.

Ranar bayyana sakamako aka tara mu a babban ɗakin taro na wata makaranta, dattawa a gaba, mu a baya. Yaya ya saka rigar da ya fi ji da ita, ya ja ni na zauna kusa da shi. Dakta ya haska taswirar rafin a bango. Daga wuri na ɗaya zuwa na shida ja wur, alamar ruwa ya lalace. Na takwas ma ja. Namu na bakwai kaɗai shuɗi ne, yana zaune a tsakiya kamar amarya.

Sai ya shiga bayani, yana yi yana jin kansa. Ya ce kowane rafi yana da ƙarfin wanke kansa yayin da yake tafiya, kuma akwai lambar da ke wakiltar wannan ƙarfi a lissafinsa. A wurinmu, wai sai da ya ninka lambar nan ninki-ba-ninki kafin lissafin ya yi daidai da abin da gwaji ya nuna. Dalili kuwa, in ji shi, kwanar rafin ce da ciyayi da hasken rana, da kuma tsaftar mutanen unguwar. Har ya rubuta takarda a kai da zai gabatar a wani taro a ƙasar waje. Wani dattijo ya tambaye shi, to me ya sa ruwan ya sake ɓaci a na takwas? Dakta ya yi murmushi ya ce nan ne amfanin ilimi, domin kwamfuta ta gano akwai wani ɓoyayyen magudanin ƙazanta da ke shiga tsakanin bakwai da takwas. A nan aka haife ni. Abin da ke tsakanin bakwai da takwas shi ne lambun albasa ɗaya da bishiyar kuka. Lissafin da ya rasa yadda zai yi da ƙaryarmu ya haƙa wa kansa kwata, Dakta kuma ya zana ta a taswira.

"A tafa wa mutanen wannan unguwa," in ji shi. Ɗaki ya ɗauki tafi. Yaya ya miƙe, ya gyara hannun riga a kafaɗa, ya ɗaga hannu dama da hagu kamar wanda aka yi wa naɗi.

Sannan wata Hajiya daga ƙungiyar ta tashi ta karanta unguwanni ukun da za a haƙa wa rijiya. Ta karanta na ɗaya, na biyu, na uku, ta naɗe takarda ta zauna. Murmushin Yaya bai gushe nan take ba, sai da ya ɗan jira ko akwai shafi na biyu. Can ya sunkuyo ya raɗa mini, "Ina namu?"

Na ce, "Yaya, mu ai masu tsafta ne."

Da aka tashi na bi Dakta har bakin motarsa, na faɗa masa komai, da ƙyallen da alif da ruwan leda, ban rage ba. Na zaci zai zage ni, kuma da ya yi da na ce na cancanta. Sai ya waiwaya ya ga ko wani na ji, ya rage murya.

"Malam, rahoto ya riga ya tafi. Kuma lissafin ya zauna daidai."

"Dakta, a kan ruwan leda ya zauna. Taho mu je, tafiyar minti goma ce, ka ga rafin da idonka."

Ya dubi agogo, ya dubi takalmin nan nasa. "Ido yana yaudarar mutum, Malam, shi ya sa muke aiki da lissafi." Ya buɗe ƙofar mota, sannan ya juyo ya ƙara da maganar da ta ɗaure ni har yau. "Ka yi tunani. In ka tona wannan magana, masu ba da tallafin za su ce rahoton duka ba abin dogaro ba ne, su janye. Ku ba ku samu ba, ka kuma hana unguwa uku. Ka zaɓa."

Na tsaya ina kallon motarsa tana tafiya. Takaicin shi ne a wannan ɗayan gaskiya ya faɗa, ko da yake na san ba tausayin unguwa uku ne ya sa shi faɗa ba, takardarsa ta ƙasar waje yake karewa. Haka na haɗiye maganar.

An haƙa rijiyoyin, suna nan suna aiki. Mafi kusa da mu tana can wajen Kusfa. Tun da 'yata ta sake kwanciya karo na uku na rantse ba za a ƙara shan ruwan garuwa a ɗakina ba, don haka kullum kafin in tafi makaranta nakan ɗaure jarka biyu a bayan babur in je in bi layi a unguwar da ba tawa ba. Sun san ni. Da na iso wani zai ce, "A matsa wa masu shuɗin ruwa, yau ma sun zo taya mu shan namu." In yi dariyar yaƙe in jira a gama da 'yan unguwa.

Yaya kuwa ya nemo kwafin taswirar, ya sa aka yi mata gilashi, ya rataye a zaure. Duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa shuɗin nan da tsinin allura ya ce jami'a da kanta ta shaida. Idan iska ta kaɗo daga bayan gida, warin rafin har kan taswirar yake zuwa.

Abin da na koya ban same shi da arha ba. Lissafi ba ya da hanci, abin da ka ba shi da shi zai yi aiki, kuma duk masanin da ke ƙyamar sauka daga kan gada, ƙaryar da aka miƙa masa ita zai mayar ilimi. Amma kafin in zagi Dakta, nakan tuna cewa ni na miƙa masa kwalbar. Sau ɗaya a rayuwarmu aka zo ana tambayar wa ya fi shan wahala don a taimake shi, mu kuma muka tace wahalarmu da farin ƙyalle saboda kada a raina mu. Ba a raina mu ba kam, an tafa mana, kuma har gobe ba mu da ruwa.