Mayafai a Kan Gado

Zan iya manta ranar aurena, amma ranar sunan ɗana na fari tana nan a raina har in koma ga Allah. A gidanmu na Mainika na yi wankan jego. Tun hantsi gida ya cika da mata, dangin mijina kaɗai mota guda suka yo daga Kabo.

Bayan azahar yaron ya gaji da hannun mutane, ya dinga tsala kuka. Innata ta kai shi uwar ɗaka, ta kwantar da shi rub da ciki a kan sabuwar katifata mai laushi, wai ya fi jin daɗin barci. Ta lulluɓe shi, ta ƙara turaren wuta a kasko, ta saki labule.

Kun san halinmu a gidan biki. Duk wadda zafi ya dama sai ta leƙa ɗaki, ta wurga mayafinta kan gado, ta nufi wajen shinkafa. Mai turmin atamfa ma can take ajiyewa. Ɗakin ga duhu, ga hayaƙi. Ni kuwa ina tsakar gida, an kafa min ɗauri, sai washe baki nake ana ɗaukar hoto.

Cikin baƙin akwai goggon mijina, tsohuwa mai bin diddigi, wadda ba na ko son mu haɗa ido. Ta kira ni ta ce, "Ke, ina mijin nawa?"

"Yana barci a ɗaka, Goggo."

"Kan gadon da ake ta jibga kaya?"

Ban taɓa ganin tsohuwa ta yi gudu irin na ranar ba. Na bi ta, na tarar tana watsi da mayafai. Can ƙasa muka same shi, fuskarsa ta nutse a katifa, ya jiƙe sharkaf da gumi, leɓensa ya yi duhu. Goggo ta fito da shi waje, ta tuɓe masa kaya, tana murza bayansa tana salati. Sai ya ja wani dogon numfashi, ya callara ƙara. Wallahi ban taɓa jin abu mai daɗin wannan kukan ba.

A asibiti a Gwarzo, ma'aikaciyar jinya ta ce Allah ya tsare. Ta ja mana kunne: jariri rigingine ake kwantar da shi, a shimfiɗa mai tauri, ba filo, ba tarin zannuwa, ba hayaƙi, kuma kusa da uwarsa.

A hanyar dawowa na yi ta yi wa Goggo godiya. Goggo ta ce, "Bar gode min, 'yar nan. Tawa jaririyar wata biyu ta yi a duniya. Na kifa ta a kan tsummoki na tafi tatsar shanu, na dawo ba ta motsi. Aka ce iska ce. Sai yau na ji mene ne."

Muka yi ta kuka ni da ita.

Goggo ta rasu bara, Allah Ya kai haske kabarinta. Yaron yanzu yana Islamiyya, surutu kamar me. Abin da na koya a hannunta shi ne, kukan jariri ba abin tsoro ba ne. In ya yi shiru, tashi ki duba.