Hoton Sanusi Guda Ɗaya

Shekara shida ke nan da muka kai ƙanena Sanusi makwancinsa a Kurfi, amma sai bana hankalina ya tashi irin tashin da bai yi ba ko ranar jana'iza.

Sanusi mai ɗaukar hoto ne, yana da ɗan shago a Dutsin-Ma. In ya dawo daga biki ko suna, ba ya bin hotuna ɗaya bayan ɗaya. Sai ya buɗe wani baƙin allo a kwamfuta, ya rubuta mata umarni layi guda, ya danna, hotunan gaba ɗaya su ƙanƙance su rage nauyi. Nakan tsokane shi in ce masa boka. Shi kuwa ya ce mutanenmu na Rawayau da Wurma yake tausayi, waɗanda sai sun hau tudu suke samun sabis. Hoto mai nauyi wuni zai yi bai sauka a wayarsu ba. Ashe umarnin nan kan hoton asali yake hawa ya shafe shi. Kwamfutar ba ta da wuri, shi kuma bai ga amfanin ajiye biyu ba.

Ya bar ɗiya guda, Hafsatu, tana goye ya rasu. Bana ta fara tambayar kamannin ubanta. Na tone kwamfutar kaf. Rabin mutanen Kurfi na ciki, amma mai hoton sau ɗaya tak ya fito, can gefe, ranar sunanta. Da aka ƙara girmansa, fuskar ta watse ta koma dabbare-dabbare.

Wani mai shago ya ce yanzu akwai manhajar da ke gyara irin wannan. Ta gyara kuwa. Sai ga kyakkyawan saurayi fes, babu wushiryar Sanusi, babu tabon goshinsa. Inna, mahaifiyarmu, tana gani ta kau da kai, ta ce wannan ba ɗanta ba ne. Da Sanusi na nan, dariya zai fara yi, ya ce an yi masa gata. Amma zai yarda ɗiyarsa ta tashi da fuskar baƙo? Ban sani ba wallahi, kuma abin yana cina.

Tausayinsa bai ɓace ba. Har yau a ƙauyukan nan akwai masu duba fuskar iyayensu a waya saboda shi. Tasa ce kawai bai bari ba.

Na ajiye wa Hafsatu hotunan biyu. Ko kallon dabbare-dabbaren ba ta yi ba, ta ɗauki mai kyan ta rungume.

"Baffa, ashe haka Babana yake?"

Har yau ban ba ta amsa ba. Allah Ya jiƙanka, Sanusi.