Baƙar Gyadar Baffa Buba

A kakar shekarar da aka ba mu jihar Adamawa, wata Asabar da hantsi, ina zaune a tsakar gidanmu a Mugulbu na miƙe ƙafa, ga tulin gyada ya kusa fin ni tsawo. Ni da yayana Dauda muna ɓara, muna rige-rigen cika ƙwarya, kaji na ta zagaye mu, Dada mahaifiyarmu tana sheƙe ɓawo da faifai. Ruwan ƙarshe ya doki gyadar tana shanye a gona, da yawa ta yi baƙi, wata har da kore-kore a jikinta kamar gari. Sai ga Baffa Buba, wan babanmu, wanda ya riƙe gona da rumbu tun rasuwar Baba. Ya tsuguna ya ware jajaye masu kyau, na kasuwar Mubi da na iri da na ɗakinsa, ya turo mana sauran da ƙafa. Dada ta ce ai wannan tana ɗaci. Ya ce, "Ki soya da kyau, wuta na kashe komai."

Haka muka taso, shekara bayan shekara. Kunun safe kafin makaranta da ita ne, miya da ita, ƙuli-ƙulin da muke ɓoyewa a aljihu muna ci a bayan aji ma ita ce. Dauda ya fi kowa ci, don shi ne mai noma, shi ke ɗebo ruwa daga mayo, wato rafi. In na yamutsa fuska sai ya janye kwanona ya shanye, yana tsokanata, "Kawo nan, gimbiya, cikina ba ya zaɓe."

Bayan mun girma, lokacin da 'yan tada ƙayar baya suka sa muka gudu daga Mubi zuwa Yola ne cikin Dauda ya kumbura, idonsa ya yi rawaya. Likita ya ce ciwon dajin hanta ne, ya tambaye ni me muka ci muna yara. Yadda na fahimta, a cikin hanta akwai abin da ke ce wa tsoka ki girma, akwai mai ce mata ki tsaya. Gubar gyada mai fumfuna tana lalata mai tsayarwar a hankali, sai ɗayan ya yi ta aiki ba linzami har ƙari ya fito. Na tambaye shi suya fa. Ya girgiza kai, ya ce wuta ba ta taɓa ta. Dauda bai ga komawarmu gida ba, ya bar 'ya'ya uku.

Baffa ya zo gaisuwa yana cewa bai sani ba. Sunan gubar ne bai sani ba, amma ko akuyarsa bai taɓa zuba wa wannan gyadar ba. Yanzu ya tsufa, ido ya tafi, sau uku yana aiko min Lokuwa, unguwar da nake zaune a Mubi, in zo mu yafi juna. Ba nisa, ƙafata lafiya lau. Sai dai ya ci gaba da sauraren ƙofa.

Yau 'ya'yan Dauda a tsakar gidana suke, gyadar leda suke ci, ba su san zaman ɓara ba, ba su san muryar babansu in yana tsokana ba. Ni nake kewarta a madadinsu. Rabona Dauda ya shanye, ni ce na rage.