Fim Ɗin Kar-a-Tura

A shekarar da kogi ya cika har ruwa ya kwanta a gonakin bakin gada, wadda kuma a cikinta na shiga ajin yaƙi da jahilci, aka yi wata Laraba a gidan kallonmu na nan Wudil da har yau ba ta fita daga raina ba. Ku da kuka zo aikin nan daga baya kun tarar ana cewa "fim ɗin kar-a-tura", kuna faɗa ba tare da kun san mafarinsa ba. Ga yadda aka yi.

Mu uku ne a gidan kallon a lokacin. Akwai maigida, Alhaji Ɗanlami. Akwai mai ƙofa. Sai ni, Isa, ofareta. Tun zamanin kaset nake wannan aiki. Ofareta shi ke zaɓar fim, ya rubuta shi a allon ƙofa, ya kunna, sannan ya zauna a gefe da rimot a hannu. Talabijin ɗinmu tana can sama cikin kejin ƙarfe, ba mai kai mata hannu sai da tsani, saboda haka duk ikon yana cikin rimot.

Babban aikin rimot kuwa shi ne turawa. Yawancin 'yan kallonmu ba sa jin yaren da ake yi a fim. Abin da ya kawo su shi ne faɗa da tseren mota. Da zarar jarumi ya zauna ya fara magana, sai ɗaki ya ɗauka: "Tura! Ofareta, tura!" Ni kuma in danna, hoto ya yi ta gudu har a iso inda aka ɗaga hannu za a kai naushi. Gwanin ofareta shi ne wanda yake sakin maɓalli daidai kan naushin farko. Na iya wannan, kuma ina alfahari da shi.

Zuwa waccan shekara ƙwallo ta cinye kusan dukkan ranakun mako. Laraba bayan la'asar kaɗai ta rage wa fim, ita ma benci biyu ba sa cika, domin kowa ya samu fim a wayarsa. Wata rana Alhaji ya kira ni ya ce, "Isa, Larabar nan taka man janareto kawai take sha. Idan ba ta farfaɗo kafin ƙarshen wata ba, zan sa maimaicin wasa. Ƙwallo kuwa ba ta buƙatar ofareta, mai ƙofa ma zai iya kunnawa."

Na ce, "To, ranka ya daɗe." Na san abin da ya rage mini bayan haka: tsintsiya da goge benci.

Akwai wani malamin jami'a, Malam Nasiru, mutumin Zariya, da ke zuwa kallon ƙwallo. Ya ji zancen a teburin mai shayi, sai ya ce yana da wasu finafinai da yake son ɗalibansa su gani a babban allo. Ya ce iri ɗaya ne duka, amma ya jera su daga tsoho zuwa sabo don a ga yadda irin ya girma. Idan na yarda zai kawo ɗalibai, su ma su cika benci.

Na ce, "Na faɗa ne?"

"A'a."

"Na aljanu?"

"A'a. Na sa zuciya ta yi ta bugawa ne."

Ya faɗi sunan da Turawa suke kiransu da shi, harshena ya kasa ɗauka. Mu a allo iri huɗu muka sani: faɗa, soyayya, ban dariya, ban tsoro. Na ɗauki alli na rubuta "ban tsoro", da rubutuna na sabon ɗalibi, baƙaƙen suna hawa suna sauka.

Larabar farko ya kawo wanda ya ce ya haura shekara ɗari. Babu launi, babu magana, sai kiɗa. Cikin 'yan kallonmu na kullum akwai Baba Audu, masunci, mai kwale-kwale a ƙasan gada. Shi ne limamin masu cewa tura, kuma tun da ya ji na shiga aji yake kirana Ɗan Makaranta. Fim bai yi nisa ba ya ɗaga murya.

"Ɗan Makaranta, sifika ta mutu!"

"Lafiyarta ƙalau, Baba. Haka aka yi shi."

"Bebaye suka yi shi? To ina aljanin? Tura mu gan shi!"

Na tura. Ba mu sami aljani ba.

Laraba ta biyu aka kawo mai magana, amma fari da baƙi. Maza cikin manyan riguna da malafa, sai inuwa a bango, sai surutu. Aka ce tura, na tura. Ina neman naushi in tsaya, babu. Aka sake cewa tura. Kafin shayin wani ya huce mun kai ƙarshen fim: an kama wani mutum a tashar jirgi, ba wanda ya san abin da ya yi. Ɗaliban suka yi ta ƙunƙuni, mutanenmu suka ce an yaudare su. Alhaji ya harare ni.

Abin ya tsaya mini a rai, ba don aikina kawai ba. Na kasa gane dalilin da zai sa mutane masu hankali su kashe wahala su yi fim da babu komai a cikinsa. Washegari na tare Malam Nasiru a wurin mai shayi na tambaye shi.

Ya ce, "Malam Isa, ka taɓa ganin wani abu zai sami mutum, kana gani, amma ba damar ka gaya masa?"

Sai na tuna. Wata Juma'a masallaci ya cika, muka yi sahu a waje, kowa takalminsa a gabansa. An tayar da salla ke nan, idona yana ƙasa, sai na ga kunama ta fito daga ƙarƙashin tabarma ta shige takalmin mutumin da ke hannun damana. Ba halin magana. Raka'a biyu ce, amma ban taɓa jin tsawon salla kamar wannan ba. Ina ta tunanin idan aka yi sallama ya riga ni zura ƙafa fa?

Malam ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Kunamar ta harbe shi?"

"A'a, na riƙe masa hannu."

"Ka ga babu faɗa, babu jini. Amma shekara nawa ke nan ba ka manta ba? Abin da ka ji tsakanin shigar kunama da sallama, shi waɗannan finafinan suke sayarwa. Kai kuma shi kake turawa."

Daga nan ya warware mini jerin nasa. Ya ce tun ba a iya sa murya a fim ba, masu yin sa suka gano dabarar nuna wuri biyu bi da bi: ga wanda ke cikin haɗari, ga mai zuwa ceto yana hanya, a koma can, a dawo nan, har mai kallo ya kasa zama. Da murya ta zo, sai aka sami ƙarya, domin sai da magana mutum yake yaudarar ɗan'uwansa. Nan aka yi ta yin labarin wanda aka ɗora wa laifin da bai yi ba, 'yan sanda na nemansa, masu laifin ma na nemansa. Zamanin yaƙe-yaƙe da zaman ɗar-ɗar tsakanin manyan ƙasashe ya kawo na 'yan leƙen asiri. Bayan nan haɗarin ya baro titi ya shigo gida.

Na ce, "Wane za ka kawo wannan Larabar? Ita ce ta ƙarshe a watan."

Ya ce, "Na cikin gida. Amma idan za a tura, gara kada a kunna."

Na san kaina. Idan ɗaki ya ɗauki ihu, babban yatsana ba ya shawara da ni. Don haka ranar Laraba, ina kunna fim, na buɗe bayan rimot na zare batir biyun, na fita na ba mai shayi na ce ya ajiye, ko ni na zo da kaina kada ya ba ni sai an tashi.

Fim ya buɗe da asuba a bakin wani tafki. Wani mutum shi kaɗai ya durƙusa cikin ƙaramin jirgin ruwa yana zare ƙusoshi daga katakon ƙasa, ya cusa wani abu a tsagar, ya mayar da shimfiɗa a kai. Ba a ce uffan ba. Sai muryar Baba Audu daga benci na biyu:

"Wannan mugu ne. A bakin gaɓa ba zai sha ruwa ba. Sai an kai tsakiya."

Daga nan aka koma gida. Mutumin ya yi wanka, ya yi ado, ya tarbi baƙo, da gani abokin harkarsa ne, kuma shi aka haƙa wa ramin. Aka zauna cin abinci. Aka fara surutu. Ga matarsa, ga 'yarsa ƙarama tana zagaya tebur.

"Tura!"

Ban motsa ba.

"Ɗan Makaranta, barci kake? Ko karatun ne ya toshe maka kunne? Tura mu je ruwan!"

Ɗaki ya ɗauka. Wasu suna buga benci. Ɗaliban Malam suna cewa a yi shiru, su ma suna ƙara hayaniyar. Samari biyar suka miƙe suka fice, ɗaya yana cewa gara ya je ya kalli shanu a kasuwar kara. Alhaji ya shigo daga waje ya tsaya a kaina.

"Isa, ba ka ji ne?"

"Na ji, ranka ya daɗe. Babu batir a ciki."

"Ya mutu?"

"Ni na cire."

Ya ce a hankali, "Idan ɗakin nan ya watse, ka bi su." Sannan ya zauna a ƙarshen bencin Baba Audu, don ya ga watsewar da idonsa.

A allo kuwa maigidan yana ta nuna wa baƙonsa tafki ta taga yana murmushi. Baƙon ya miƙe, ya sake zama, aka ƙara masa shayi. Ya kuma miƙewa, aka kira shi a waya. Na lura ihun ya fara raguwa. Cikin mutanenmu ba wanda ya ji kalma ɗaya daga abin da suke faɗa, amma kowa ya san abin da ke ƙarƙashin shimfiɗar nan. Da baƙon ya sauka zuwa bakin ruwa zai shiga jirgin, sai yarinyar ta ɗauki 'yar hularta ta bi shi da gudu. Uban yana tsaye a tsakiyar mutane da kofi a hannu. Idan ya yi ihu ya tona kansa. Idan ya yi shiru, ga 'yarsa tana ɗaga ƙafa.

Baba Audu ya ce, "Innalillahi. 'Yarsa ce."

Wani daga baya ya ce, "Ofareta, don Allah tura mu ga ko ta mutu!"

Baba Audu ya juya gaba ɗaya. "Kar a tura! Wanda ya tura ban yafe ba!"

Daga nan ba a sake jin komai ba sai ƙarar janareto. Jirgi ya bar gaɓa. Ana nuna fuskar uban, a nuna jirgin, a dawo kan uban, sai na gane dabarar nan ta wuri biyu da Malam ya ce ta girmi murya. Yarinyar tana wasa da hannu a ruwa. Sai aka nuna takalminta, ruwa ya fara taruwa a gefensa.

"Kwashe! Kai mai tuƙi, dubi ƙafarka, kwashe ruwan!"

Baba Audu ne ya zabura tsaye, mutum uku na kusa da shi suka zabura tare da shi. Kun san halin bencinmu. Nauyi ya koma gefe guda, benci ya ɗaga, Alhaji ya tafi ƙasa da shi da hularsa, ƙafar benci ta karye. Na taso da gudu zan ɗaga shi. Ya ture hannuna, yana zaune a ƙasa, idonsa a sama.

"Matsa, Isa, ka tare mini."

Ba zan gaya muku ko yarinyar ta tsira ba. Wannan ma yana cikin abin da aikin ya koya mini.

An tashi gab da magariba. Bayan salla mutane suka dawo ƙofar gidan kallo suna musu, wasu na cewa uban ya tuba, wasu na cewa tsoron asirinsa ne kawai. Alhaji ya kira ni gefe yana murza ƙugu. Ya ce, "Gobe ka kira kafinta. Batir kuma ka mayar, akwai wasa ranar Asabar." Ya ɗan yi gaba, ya waiwayo. "Ranar Laraba ka sake cire su."

Mako na gaba da na ɗauki alli, na tsaya ina tunanin abin da zan rubuta, tunda "ban tsoro" ƙarya ce. Baba Audu yana wucewa da ragarsa ya ce, "Rubuta kar-a-tura, Ɗan Makaranta. In ka iya." Na iya. Muka koma kan jerin Malam daga farko, har da na bebayen, wannan karon ba a taɓa rimot ba. Muka bi ta kan masu malafa, da 'yan leƙen asiri, har muka iso na yanzu, na Indiya da na Koriya, inda abin tsoron yake cikin wayar da ke aljihun mutum. Abin da na lura da shi, kowane zamani haɗarin matsowa yake yi kusa da mai kallo, amma jiran bai canja ba.

Na yi shekaru ina zaton mutanenmu ba su da haƙurin kallo, ashe ba a taɓa nuna musu kunamar ba ne kafin a ce su jira. Manomi da masunci sun fi kowa sanin jira. Ofareta kuma, na gane, ba saurin yatsa kaɗai ne aikinsa ba, har da sanin lokacin da zai ajiye hannunsa a cinya.

Abin da muka rasa a ranar kuwa ga shi: ƙafar benci ɗaya, batir biyu da mai shayi ya sa a rediyonsa ya ce ya ɗauka kyauta ce, samari biyar da ba su sake zuwa Laraba ba, da kwandon kifin Baba Audu da ya bari a ƙofa yana cewa yanzu zai fito.