Manomin Tsibiri da ya nemi aski

Ina cikin koyon aikin jinya na soja aka turo mu Maraɗi, shekarar da damina ta ƙi, gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Soja ke mulki lokacin, don haka kakin da ke jikina ya fi ni kwarjini. Ni kuwa ban daɗe da gama karatu a lakwal ba. Aka haɗa ni da manjo, wato babban ma'aikacin jinya, wani sarjan mai furfura wanda ba ya maimaita magana. Marasa lafiya sun fi gadaje yawa, don har farar hula muke karɓa.

Cikin waɗanda aka ba ni in kula da su akwai wani manomi daga Tsibiri. A amalanken jaki aka kawo shi, zawo da yunwa sun tsotse shi, idanu sun faɗa. Manjo ya ce in sa masa ƙarin ruwa. Na yi ta laluben jijiya ina zufa, sai ya buɗe ido ya ce, "Samari, yi sannu. Hannun ba ya gudu."

Ya kuwa samu sauƙi. Ya fara da kunu, ya koma tuwo, har yana zama yana ba ni labarin gonarsa, yadda ya yi shuka ta mutu, ya sake ta mutu, har iri ya ƙare. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini sojana. A gadon da ke kusa da nasa akwai wani da kowa ya fidda rai da shi, ko ruwa ba ya iya haɗiya.

Wata safiya ya ce, "Sojana, nemo mini wanzami. Ba ni komawa Tsibiri da wannan suma, yara su ce mahaukaci ya shigo gari."

Na nemo. Aka yi masa aski a gindin dogon yaro, yana shafa kai yana dariya. Da azahar na kawo masa abinci, na iske shi kwance ya fuskanci bango. Har zolayarsa na yi, na ce ango ya tashi ya ci. Da na taɓa kafaɗarsa sai na ji jikin ya saki.

Manjo ya zo ya dafa wuyansa, ya shafe masa ido, ya yi salati a hankali. Sannan ya ce, "Canza zanen gado. Akwai mai jira a ƙasa."

Na ce, "Manjo, mi na yi ba daidai ba?"

"Ba komi."

"To mi ya kashe shi? Ya fa warke."

"Yunwa in ta daɗe tana cin zuciya. Tafi ka ci abinci."

Na tafi, na kuma cinye kwanona tas. Wannan ya daɗe yana damuna. Wancan na kusa da shi kuwa, daga baya da ƙafarsa ya koma gida.

Da la'asar aka sa ni in raka gawar Tsibiri a motar soja. Muna shiga unguwarsu mutane suka watse, suna tsammanin kame aka zo yi. Yayansa, wani dattijo ramamme, shi ya yi ƙarfin hali ya matso. Ya buɗe fuskar, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Har aski kuka yi masa. Allah Ya saka da alheri."

Na rasa yadda zan yi. In ƙame ne, ko in durƙusa? A ƙarshe na cire hula na tsuguna da manyan takalmana. Na gaya musu ya samu sauƙi sosai kafin nan. Wata tsohuwa ta ce, "Ai sauƙin tafiya ke nan, ɗana." Godiya suke ta yi mini, ni kuwa da faɗa suka yi da na fi gane inda nake.

Ranar hutu na tafi Jiratawa wurin gwaggona. Ruwa na bin magudanai, fadama kore shar, kamar ba ƙasa ɗaya da inda na fito ba. Tana tsinkar zogale na ba ta labari duka. Ta ce, "Ya samu yin shahada?"

Na ce ban sani ba, ba na wurin.

"To yi masa addu'a. In aikin ya fi ƙarfinka, ka bari." Tana gama faɗin haka ta ƙulle mini tumatir da albasa, ta ce in hanzarta kada in makara a bariki. Ban gane wanne take nufi ba, in bari ko in koma, na dai koma.

Bayan nan, duk majinyacin da ya ce mini ya ji sauƙi sai gabana ya faɗi. In riƙa zagayowa ina taɓa masa hannu, har wani ya tambaye ni ko an ga wani abu ne ake ɓoye masa. Manjo ya ja ni gefe ya ce ina tsorata mutane. Na rage, amma ban daina ba.

Na gama horo, na yi shekaru ina aikin, na ga mutuwa iri-iri, wasu har na iya faɗin dalilinsu. Ta manomin nan dai, in an tambaye ni, maganar manjo nake maimaitawa, ba don na tabbatar ba.