Dalmar da Iya Ta Rataya wa Hansatu

Murhun kakarmu Iya, a gidanmu na Fassi, aiki biyu yake yi. Da yamma a tuƙa tuwo a kansa, da an sauke tukunya kuma sai Kawu Sale ya ɗora gwangwaninsa. Kawu ƙanin babanmu ne, sana'arsa liƙin kwanuka. Ranar kasuwar Rano yakan sayo matattun batiran mota wurin direbobi, ya fasa su da gatari a bayan rumbu, ya zaro dalmar da ke ciki ya narka. Mu kuwa yara muna kewaye da wutar, muna tura gyaɗa cikin toka, muna jiran tatsuniya. Warin hayaƙin nan har daɗi yake yi mana, don shi ne alamar hira ta kusa.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, Islamiyya ta cika da yara. Ni kuma ga rawar kai, duk abin da na koyo sai na juye shi a gaban Iya. Wata rana malaminmu ya ce Larabawa suna kiran dalma "rasas", daga kalmar da ke nufin a haɗa abu ya manne gam, kuma daga nan Hausa ta samo "harsashi", tunda da dalma ake yin sa. Ko jaka ban ajiye ba na fesa mata.

"Sannu malama babba," in ji Iya. "To su Larabawan sun gaya muku yadda dalma ta shigo gari? Zauna. Ga ta nan tafe, mai kunne ya tare ta."

Ta gyara wa ƙanwata Hansatu zama a cinyarta, ta fara. Wai wani maƙeri ne, talaka futuk, tukunyar matarsa ta huje. Ya hau dutse neman tama, ya gamu da wata tsohuwa. Ta miƙa masa wani abu mai launin toka, ga nauyi ga laushi, ta ce zai toshe masa kowace kafa, amma ba ya aiki kyauta, abin da ya ga dama zai ɗauka a gidansa. Maƙeri ya yi dariya, ya ce gidan da ko kaza babu. Ya liƙe tukunyar matarsa, ya liƙe na gari, arziki ya sauka. Kullum da safe sai ya leƙa turke, ya leƙa rumbu, ya ga komai na nan. Ran nan ya kira 'yarsa da sunanta, ta tsaya tana kallonsa kamar baƙo. Ya ruga dutse yana kuka.

A nan Iya takan sassauta murya. "Tsohuwa ta ce, ka duba turke, ka duba rumbu, ka taɓa duba wayon 'yarka?" Sai ta tafa hannu. "Ta ƙare. Ku dai kada ku karɓi kyautar aljanu."

Muka watse cikin tsoro mai daɗi. Abin da ban manta ba shi ne, duk tsawon labarin Hansatu tana tsotsar abin wuyanta. Tana fitar da haƙora ne, dasashinta na ƙaiƙayi, Iya ta sa Kawu ya zuba mata 'yar dalma sumul kamar ƙwallon dabino, ya huda, aka zura zare. Iya ta ce sanyinta na kwantar da zafin haƙori. Kuma da gaske ta daina kuka, har maƙwabta suna yaba dabarar.

Hansatu yarinya ce mai saurin baki, ba ta cika shekara biyu ba tana kirana "Yaya Bilki". Kafin damina ta zagayo sai amai, sai jijjiga, sai kalmominta suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Aka ce iska ce. Aka sha rubutu, aka yi turare, Iya ta sayar da tunkiyarta. Ta rayu, jikinta ya girma, amma hankalinta ya tsaya a inda ciwon ya same shi.

Bayan shekaru, Iya ta rasu, ni kuma ina gidan aure a Rano da goyon fari. Ina tsince shinkafa, rediyo na ba da labarin gubar dalma da ke kashe yara a Zamfara. Wani likita yana lissafa alamu: amai, jijjiga, yaro ya manta maganar da ya iya. Ya ce ko ƙurarta ce ko hayaƙinta, balle a sa a baki. Farantin ya suɓuce daga hannuna. Na juya, ga 'yata a kan tabarma, ga dalmar nan a wuyanta. Kwana uku kafin nan innarmu ta aiko da ita, wai gadon Iya, tunda haƙora sun kusa.

Ban san lokacin da na fizge zaren ba, har ya karce mata wuya. Ina ta salati. Mijina ya shigo a guje yana tambaya, na kasa ce masa komai sai "Asibiti." Aka kai yarinyar Kano, aka auna jininta, Allah ya tsare.

Har yau abin yana ɗaure mini kai. Wani a can baya ya ga abin da dalma ke yi wa yara, ya sa shi cikin tatsuniya don kada a manta. Iya ta haddace ta tsaf, ta ba mu ita da bakinta, yarinyar labarin tana zaune a cinyarta, amma dukanmu aljanu muke tsoro. Ban iya jin haushinta ba. Babu wanda ya ƙaunaci Hansatu kamarta.

Da muka dawo na wuce Fassi don in nuna wa innarmu dalmar. Na buɗe tafina ina mata bayani, tana girgiza kai, hawaye na zuba. Hansatu tana zaune bakin tsohon murhun, ta fara zama budurwa. Ta hango abin da ke hannuna, fuskarta ta washe, ta miƙo hannu biyu.

"Nawa," ta ce. "Iya."

Na dunƙule hannuna na ɓoye a baya. Ta fashe da kuka, na bar ta tana yi.