Dalmar Lyall

Shinge ɗaya ne tsakanina da Lyall Hockings a nan Junee, kuma na kwashe shekaru ina masa masifa ta kan shingen nan. Mutum ya gama tuƙin jirgin ƙasa na gaske har ya yi ritaya, sai ya dawo ya shimfiɗa na wasa a lambunsa! Layin dogo na tagulla ya zagaye bishiyar lemo, ya haye 'yar gada, ya tsaya a wata tasha da ba ta kai kwandon wanki ba. A jikin tashar ya rubuta sunan matarsa, Noelene.

"Ƙato da kai, kana rarrafe a ciyawa," nakan ce masa.

"Dulcie, ke dai ki ji da kabewarki," in ji shi, ko ɗago kai ba ya yi.

Da ciwon mantuwa ya kama Noelene na daina tsokanarsa. Ta manta ɗakin girki, ta manta 'yarsu Kerrin, daga baya ta manta shi. Abu ɗaya ya rage. In aka zaunar da ita a kujera gaban tashar nan, koren jirgin ya ɓullo ta bayan lemo, sai fuskarta ta washe ta juya ta ce, "Lyall, ka makara." Haka take ce masa tun suna matasa, lokacin da take jiransa a tasha da abincinsa a ƙunshe. Don kalmar nan kaɗai yake rayuwa, na rantse.

Bara Kerrin ta kai ta gidan kula da tsofaffi a Wagga. Can kuwa ba ta gane shi ko kaɗan. Aka yi masa alkawari za a kawo ta gida ranar Kirsimeti, likita kuma bai ɓoye masa ba cewa da wuya a sake kawo ta bayan wannan.

To, jirgin lambu wutarsa ta cikin dogon take bi. Duk inda guntu biyu suka haɗu, ƙasa da kashin tsuntsu kan shiga, wuta ta yanke, jirgi ya tsaya cak. Masu wannan sana'a sukan haɗa mahaɗar da 'yar waya mai lanƙwasa, su bar tazara kaɗan don ƙarfe ya samu wurin miƙewa in zafi ya zo. Amma hannun Lyall ya fara rawa, 'yar wayar ta gagare shi. Shi kuma ya ƙudura jirgin nan ba zai tsaya ba ko sau ɗaya a gabanta. Sai ya durƙusa cikin sanyin Yuli, lokacin hunturunmu a nan, ya bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya yana liƙe su da narkakkiyar dalma, ƙam, ba tazara.

Ya kira ni na gani. Jirgi na ta zagaye sumul. Har rawa ya taka, tsohon banza.

"Zafi fa?" na tambaye shi, don ko ni na sha jin yana yi wa abokan wasansa wa'azin tazara.

"Lemo zai yi inuwa," ya ce. Ya san ƙarya yake.

Ranar Kirsimeti, wadda a nan take faɗowa tsakiyar lokacin zafi, rana ta fito da fushi tun da safe. Kafin motar Kerrin ta iso, dogon ya miƙe ya rasa wurin zuwa, ya ɗaga ya karkace kamar igiyar shanya da iska ta tsinka. Gadar ma ta tashi daga mazauninta. Na tarar da Lyall yana kwara wa dogon ruwa da tiyo, yana danna shi da tafin hannu har fatar ta yi ja. Na karɓi tiyon na ci gaba da kwara ruwan. Raina ya ɓaci, ban ma san da wa nake fushi ba.

Aka zaunar da Noelene a kujerarta, da hular takarda irin ta bikin Kirsimeti a kai. Lyall ya murɗa wuta. Koren jirgin ya taso, ya shiga bayan lemo, muka ji ƙaras, bai fito ba. Ya je ya ɗora shi, ya sake faɗuwa. Ya sake. Daga ƙarshe ya ɗauko shi a hannu ya ajiye a gaban tashar, yana tura shi da yatsa. Ko kallonsa ba ta yi ba, idonta na kan lemo.

"Baba, ya isa haka," Kerrin ta ce. "Zafin ya yi mata yawa."

Ya matso zai taimaka a ɗaga ta. Noelene ta janye hannunta, ta dube shi da ladabi.

"Bawan Allah, a nan kake aiki?" ta ce. "Don Allah ka ce su bar ni tukuna. Jirgin bai iso ba, mijina na ciki."

"To, ranki ya daɗe," Lyall ya ce. "Zan gaya musu."

A ƙarshen Fabrairu muka binne ta. Dogon na nan a karkace, ciyawa ta rufe shi, kabewata ma ta tsallaka shinge ta hau gadar. Ina ta jira ya leƙo ya yi mini faɗa, har yau bai leƙo ba.